Kufai a Kan Ruwa: Tarken Wasan Submerged da Takwarorinsa

1.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ta taɓa yin ƙaura ta san kufai. Shi ne wurin da aka zauna aka tashi, aka bar guntun bango da duwatsun murhu suna ba da labarin mutanen da ba su nan. Mawaƙan Larabawa na zamanin Jahiliyya, waɗanda har yau ake karanta ƙasidunsu a zaurukan malamai, sun mai da tsayuwa a kufai mabuɗin waƙa: mawaƙi zai tsaya ya dubi alamun zangon da aka tashi, ya tuna waɗanda suka zauna a ciki, sa'an nan ya shiga abin da ya kawo shi. A wannan zamani wani sabon nau'in ƙagaggen labari ya gaji wannan tsayuwa, wato wasannin kwamfuta na yawon bincike, waɗanda ake ajiye mai wasa a cikin wani babban birni da ruwa ya cinye bayan rushewar duniyar da muka sani, a ba shi kwalekwale, a ce ya zagaya ya gani.

Wannan maƙala za ta yi tarken ɗaya daga cikin fitattun wasannin wannan nau'i, wato Submerged, wanda ya fito a shekarar 2015, tare da waiwayen wasu takwarorinsa domin kwatance. Za a dube shi da ma'aunan da aka saba auna rubutaccen zube da wasan kwaikwayo da su, wato jigo da zubi da tsari da salo, domin shi ma labari ne da wasu suka zauna suka tsara. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, kyawun da ke jan hankalin mai wasa a irin waɗannan birane ya samu ne saboda an kwashe mutane daga cikinsu, kuma wannan kwashewa ita ce ƙarfin wasan, ita ce kuma babban rauninsa.

2.0 Tushen Nau'in

Hoton birnin da ruwa ya haɗiye ya girmi kwamfutar wasa. A 1962 marubucin Ingila J. G. Ballard ya fitar da littafinsa The Drowned World, inda ya nuna birnin Landan ya zama fadama mai zafi bayan ƙanƙarar duniya ta narke, benaye sun leƙo daga cikin ruwa, ƙadangaru sun gaje ofisoshi. A 1995 fim ɗin Waterworld ya kai wannan tunani majigi. A fagen wasa kuwa, kamfanin Nintendo ya fitar da The Wind Waker a 2002, wanda a cikinsa tsibiran da tauraro ke yawo a tsakaninsu ƙololuwar duwatsun wata tsohuwar masarauta ce da teku ya rufe. Sai kuma BioShock a 2007, wanda aka gina birninsa a ƙarƙashin teku tun asali.

Ambaton BioShock yana da dalili. Waɗanda suka kafa kamfanin Uppercut Games a birnin Kanbera na ƙasar Ostareliya, wato masu Submerged, sun yi aiki a kan BioShock kafin su ɓalle su kafa nasu. Ke nan mutane ne da suka san yadda ake tsara wasan harbi da tsoro, suka zaɓi su ajiye bindiga da gangan.

Akwai bambanci guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. A ƙissar ruwan Ɗufana da kowa ya sani, ruwa ya zo, ya yi aikinsa, ya janye, jirgi ya tsaya, rayuwa ta sake tashi a kan ƙasa. A waɗannan wasanni ruwa ba ya janyewa. Ya zo ya zauna, ya zama shi ne ƙasa, shi ne hanya. Saboda haka tambayar da ke gaban taurarinsu ita ce yadda za a rayu a kan abin da ya rage.

3.0 Taƙaitaccen Labarin Submerged

Wasan ya buɗe da wata yarinya mai suna Miku ta iso wani birni da ya nutse, a cikin ƙaramin kwalekwale mai inji, ɗauke da ƙanenta Taku wanda ke fama da mummunan rauni a ciki. Ta kwantar da shi a wani tsohon gini, ta fita neman abin da za ta yi jinyarsa. A saman wasu dogayen benaye akwai akwatunan agaji guda 10, kowanne da abin da take buƙata, kamar abin ɗaure rauni da ruwan sha da abinci da magani. Aikin mai wasa shi ne ya tuƙa kwalekwalen ta tsakanin gine-gine, ya yi amfani da madubin hangen nesa ya gano inda akwati yake, ya sami wurin tsayawa, sa'an nan ya hau da Miku ta bututu da bakin taga da tsire-tsire masu yaɗo har ta kai ga akwatin.

Duk lokacin da ta dawo da akwati guda, sai a warware wa mai wasa wani ɓangare na tarihin gidansu: mahaifiya ta rasu, mahaifi ya faɗa shaye-shaye, kuma raunin da ke jikin Taku daga hannun mahaifin ya fito. A lokaci guda kuma wani abu mai kama da gansakuka yana yaɗuwa a fatar Miku, yayin da wasu halittu masu siffar mutane ke tsaye a kan rufin gidaje suna kallonta daga nesa. A ƙarshe sai ta bayyana cewa ba maƙiyanta ba ne. Babu faɗa a wasan daga farko har ƙarshe, babu makami, kuma Miku ba ta mutuwa, ba ta ma faɗowa daga bene.

Babban jigon a fili yake, wato riƙon zumunci da sadaukar da kai. Yarinya ce da aka ɗora wa nauyin uwa da uba tun ba ta isa ba. Ƙaramin jigon kuwa shi ne sakamakon ɓarnar da ɗan'adam ke yi wa muhallinsa.

4.0 Zubi da Tsari: Aikin da Ruwa Ke Yi

A rubutaccen zube marubuci shi ke riƙe da linzamin mai karatu. Shafi na biyar ba ya zuwa sai an wuce na huɗu. A wasan yawon bincike kuwa an sakar wa mai wasa linzami, don haka dole mai tsarawa ya nemi wata dabarar da zai juya shi ba tare da ya ji ana juya shi ba. A Submerged ruwa ne ke wannan aiki, kuma ta hanyoyi uku.

Da farko, ruwa ya mai da titunan birni hanyoyin kwalekwale, ya mai da kowane bene tsibiri. Wannan ya raba wasan gida biyu masu bin juna: tafiya a kwance a kan ruwa, wadda mai wasa ke da 'yancin nufar duk inda ya so, da kuma tafiya a tsaye a jikin bango, wadda hanyarta ƙayyadajjiya ce. Kowane bene ya zama kamar babi guda, ruwan da ke tsakaninsu kuma ya zama hutun da ke tsakanin babi da babi. Mai wasa shi ke zaɓar babin da zai fara buɗewa, amma tarihin gidan su Miku yana zuwa a jere ko ta ina aka faro. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta haɗa 'yancin mai wasa da ikon mai labari.

Na biyu, ruwa ya sauya ma'aunin birni. Abin da aka gina domin a ɗaga kai a kalla, kamar mutum-mutumi ko saman gada, yanzu ya dawo daidai da idon wanda ke zaune a kwalekwale. Hawa na ashirin ya zama bakin gaɓa. Mai wasa yana ganin abin da ya sani a inda bai saba ganinsa ba, kuma daga nan mamaki ke fitowa.

Na uku, kuma wannan shi ne mafi muhimmanci ga wannan tarke, ruwa marufi ne. Duk abin da ke ƙasa ya ɓoye shi: kasuwa da makaranta da ɗakin kwana da maƙabarta, da gawawwakin waɗanda ba su sami hawa sama ba. Abin da ya rage a fili shi ne ƙololuwar birni, wadda ganye ya lulluɓe, tsuntsaye na shawagi a kanta, manyan kifayen teku na ratsawa ta gefenta. Ƙaramin kamfani kamar Uppercut ya sami sauƙi a nan, tun da ba sai ya zana kowane lungu da saƙo ba. Amma sauƙin bai tsaya ga mai zane ba. Ya kai ga zuciyar mai wasa, wanda aka ɗauke masa nauyin ganin abin da ambaliya ke yi wa mutane.

5.0 Salo: Labari Ba da Baki Ba

Inda Submerged ya fi nuna gwaninta shi ne wajen tsuke baki. Kusan babu magana a cikinsa, ɗan abin da Miku ke furtawa ma da wani ƙagaggen harshe ne. Tarihin gidansu da tarihin birnin duk da zane ake ba da su, irin zanen da ake gani a bangon kogo: ɗan mutum, ɗan jirgi, layukan da ke nuna igiyar ruwa. Zanen tarihin birnin an warwatsa shi a saƙo-saƙo, sai mai wasa ya tsinto guntu-guntu ya harhaɗa, kamar mai karanta wasiƙar da aka yayyaga. Wanda ya yi haƙurin tattarawa zai ga yadda ruwa ya taso da yadda mazauna birnin suka rikiɗe. Wanda bai yi ba zai gama wasan da giɓi a kansa.

Wannan salo yana da fa'ida biyu. Ya tsallake shingen harshe, ta yadda ɗalibin da bai ƙware a Ingilishi ba zai fahimci labarin daidai da kowa. Haka kuma ya girmama hankalin mai wasa, ya bar shi ya cike gurbi da kansa, kamar yadda gwanar tatsuniya kan yi shiru a daidai inda ta san yara za su ƙarasa. Kiɗan da Jeff van Dyck ya tsara, wanda mafi yawansa fiyano ne mai taushi, da sauyawar dare da rana da saukar ruwan sama, duk sun taru sun ba wasan wata natsuwa da ba kasafai ake samunta a wasannin kwamfuta ba.

6.0 Inda Jigo da Zubi Suka Saɓa

Sai dai natsuwar nan ita ce ta jawo babbar matsalar wasan. Labari ya ce yaro na kwance rai a hannun Allah, yayarsa na neman magani. Zubin wasan kuwa ya ce babu gaggawa. Mai wasa zai iya barin Taku a kwance, ya yi kwana da kwanaki na cikin wasa yana bin kifaye yana neman kayan ƙara wa inji gudu, ya dawo ya tarar da yaron yadda ya bar shi. Ciwon ba ya ƙaruwa sai an ɗauko akwati na gaba. Gansakukar da ke cin jikin Miku ita ma ba ta rage mata ƙarfin hawa ko kaɗan. Ke nan abin da ido ke gani daban, abin da hannu ke ji daban.

A adabi, idan marubuci ya gaya mana tauraronsa na cikin haɗari amma bai sa mun ji haɗarin a jikinmu ba, mukan ce jigonsa bai warwaru ba. A wasa laifin ya fi girma, domin wasa yana da abin da littafi ba shi da shi, wato ikon sa mutum ya ɗauki alhakin abin da ya faru. Submerged ya ajiye wannan iko bai yi amfani da shi ba. Hawan bene, wanda ya kamata ya zama wurin da zuciya ke bugawa, ya koma tura sanda kawai, tun da ba a faɗuwa. Bene na takwas bai bambanta da na biyu ba sai a tsawo. Wannan maimaici na daga cikin abin da masu sharhi suka fi kuka da shi lokacin da wasan ya fito, kuma suna da gaskiya.

Akwai wata alama ƙarama da ta tona asirin inda zuciyar wasan take. An tanadi hanyar da mai wasa zai tsayar da komai, ya juya kyamara yadda ya so, ya ɗauki hoton birnin kamar katin gaisuwar da matafiyi ke aikowa gida. Wato dai wasan da kansa ya san cewa wanda ke riƙe da na'urar ɗan yawon buɗe ido ne, ko da yake labari ya kira shi mai jinya.

Na biyun wasan, Submerged: Hidden Depths, wanda ya fara fitowa a 2020 ya kuma yaɗu a sauran na'urori a 2022, ya magance wannan saɓani ta hanyar cire gaggawar gaba ɗaya. Taku ya warke, yana tafiya tare da yayarsa, aikinsu kuma shi ne mayar da wasu irin tsiro mazauninsu domin warkar da wani baƙin yaɗo da ya shaƙe birnin. Jigo da zubi sun daidaita, zane ya ƙara kyau. Amma mutanen birnin da aka dawo da su siffofi ne na tsiro, suna tsaye kamar inuwar waɗanda suka shuɗe. Har yanzu kufai ne.

7.0 Yadda Takwarorinsa Suka Yi

Wasu masu tsarawa sun bi wasu hanyoyin. A Sea of Solitude, wanda kamfanin Jo-Mei na birnin Balin a Jamus ya fitar a 2019 a ƙarƙashin jagorancin Cornelia Geppert, ruwan da ya cinye birni hoton kaɗaici ne. Tauraruwar, Kay, ta rikiɗe ta zama dodo saboda kaɗaici, haka ma ƙanenta da ake cin zalinsa a makaranta, da iyayenta da aurensu ke rushewa, da saurayinta mai fama da ciwon damuwa. Ruwan yakan hau ya sauka gwargwadon halin da zuciyarta ke ciki, kuma akwai wani dodon kifi da ke jiran ta faɗa ciki. A nan rashin mutane a birni yana da hujja, tun da kaɗaici ake zancensa. Raunin wasan shi ne yawan bayani. Abin da hoto ya riga ya faɗa sai taurari su sake faɗarsa da baki, saɓanin Submerged.

The Flame in the Flood na 2016, wanda shi ma wasu tsofaffin ma'aikatan jerin BioShock suka tsara a Amurka, ya koma ɗaya gefen. Yarinya mai suna Scout da karenta suna bin wani kogi da ya yi ambaliya a kan gadon katako. Yunwa da ƙishirwa da sanyi da gajiya duk suna kisa. Ruwa ya kewaye ta ta ko'ina amma ba ya shawuwa sai an tace, wanda ya sha shi haka nan ciwon ciki zai kama shi. Wannan ya fi kusa da gaskiyar ambaliya, sai dai ba birni ne dandalinsa ba, kuma tsananinsa bai bar wa mai wasa sararin tsayawa ya yi tunani ba.

FAR: Changing Tides na 2022, daga kamfanin Okomotive na ƙasar Siwizalan, ya sami wata matsakaiciyar hanya. Babu faɗa, babu magana, amma jirgin yana neman aiki: a ɗaga filafili, a zuba wa inji makamashi, a kashe wuta idan ya yi zafi, a gyara abin da ya karye. Wahalar tafiyar tana shiga hannun mai wasa ba tare da an tsorata shi da mutuwa ba. Da Submerged ya sami irin wannan, da jinyar Taku ta yi nauyi a zuciya.

8.0 Ruwan Wasa da Ruwan Gaske

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai wasa a Nijeriya ba zai kalli birnin Submerged da idon wanda bai taɓa ganin titi ya zama kogi ba. A 2022 ruwa ya mamaye Lakwaja har ya yanke babbar hanyar Abuja, mutane suka koma shiga unguwanninsu da kwalekwale. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, ya shiga kasuwa da asibiti, ya kuma saki namun dajin gidan zu a cikin gari. Waɗanda suka ga wannan sun san cewa ruwan ambaliya ja ne ko baƙi, yana ɗauke da shara da najasa, yana wari, kuma dabbar da ke iyo a cikinsa abin gudu ce. Sun san kuma cewa birnin da ruwa ya ci ba ya yin shiru. Cike yake da kiran sunaye da kukan yara da hayaniyar masu ceto.

Ba a cewa dole ƙagaggen labari ya zama rahoton jarida, kuma birnin Submerged ya daɗe da nutsewa, ruwansa ya sami lokacin kwantawa ya yi garau. Amma zaɓen lokacin da za a fara labari shi ma hukunci ne na mai tsarawa. Waɗannan wasanni kusan kullum sukan iso bayan an gama kuka, bayan an gama binnewa, lokacin da bala'i ya riga ya zama abin kallo. Sukan kuma ɗauka cewa idan ruwa ya zo jama'a sai ta watse, a bar mutum ɗaya ko biyu. Unguwar Makoko a Legas, inda gidaje ke tsaye a kan turaku, yara ke tuƙa kwalekwale tun suna ƙanana, mata ke kai tallan abinci ƙofa-ƙofa a kan ruwa, ta isa shaida cewa mutane sukan zauna a kan ruwa a matsayin al'umma, da cinikinsu da rigimarsu da makarantarsu. Wannan rayuwa, mai cunkoso da wahala da dabara, ita ce wasannin suka kasa hangowa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda Submerged ya yi nasara wajen salo, musamman ba da labari da zane da kiɗa, da kuma yadda ya yi amfani da ruwa wajen tsara tafiyar mai wasa. An ga kuma yadda zubinsa ya ƙi ɗaukar nauyin jigonsa, ta yadda ciwon Taku ya zama dalilin fita yawo kawai. Duk da haka wasa ne da ya cancanci a buga, ko don ya nuna cewa ana iya riƙe hankalin mutum na sa'o'i ba tare da an ba shi abin da zai kashe ba.

Mawaƙin da ya tsaya a kufai ya san sunan waɗanda suka tashi, shi ya sa yake kuka. Mai wasan Submerged yana tsaye a kufan mutanen da bai sani ba, shi ya sa yake ɗaukar hoto. Ɗalibanmu masu sha'awar rubutu da masu koyon ilimin kwamfuta suna da abin da masu tsara waɗannan wasanni ba su nuna ba, wato sanin sunayen unguwannin da ruwa ya ci da mutanen da suka koma suka share laka suka sake kafa murhu. Labarin birnin da ya nutse da mutanensa a ciki yana nan yana jiran mai ba da shi, a takarda ne ko a kwamfuta.